Neman shawara: an ba ni gyaran maƙalar yadda jiki ke sarrafa furotin

Ƴar Bagalam: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina karatun fannin lafiya a nan Maradi. Malaminmu na biyokimi ya raba mana maƙaloli a Wikipedia, kowa ya gyara ɗaya ya faɗaɗa ta, a kanta za a ba mu maki. Tawa ita ce yadda jiki ke sarrafa furotin. Gajera ce ƙwarai: ta faɗi yadda pepsin ke fara farfasa furotin a tumbi, tiripsin ya ƙarasa a ƙaramin hanji, amino asid su shiga jini, daga nan ta tsaya. Kayena cike yake da darasi, amma na rasa abin da zan sa gaba da wanda zan bari. Kuma raina na so in sa babban sashe kan tamowa, tun da ita ce ke damun yankinmu. Don Allah ku ba ni shawara.

Mai aikin labo, Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Inda maƙalar ta tsaya, nan ainihin aikin ya fara. Ki bi sawun naitirojin, shi zai jera miki sassan da kansa. Jiki yana ajiye maiƙo, yana ajiye sukari a hanta da tsoka, amma ba shi da ma'ajiyar rarar furotin. Kullum babban mutum yana rushe kimanin giram 250 zuwa 300 na furotin ɗin jikinsa ya sake gina shi, abin da ya fi wanda yake ci nesa ba kusa ba. Amino asid ɗin da ya yi saura, dole a cire masa naitirojinsa kafin a ƙona shi.

Cirewar ce sashenki na biyu. Ana ɗauke rukunin amino, wato ɓangaren da ke ɗauke da naitirojin, a ɗora wa wani sinadari mai suna alfa-ketogulutarat, ya koma gulutamat. Cikin enzayim (sinadaran da ke hanzarta aiki a jiki) ɗin da ke wannan aiki akwai ALAT da ASAT da kike gani a takardar gwajin hanta, kuma ba sa aiki sai da bitamin B6. A hanta gulutamat ya saki amoniya, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwa, sai hanta ta mayar da ita yuriya ta matakai biyar, biyun farko a cikin mitokondiriya, ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar da kuzari. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka gano wannan zagaye na yuriya a 1932. Ki kula kada ki haɗa shi da ɗayan zagayen na Krebs, na 1937, wanda na samar da kuzari ne. Kowace yuriya tana ɗauke da naitirojin biyu, jini ya kai ta ƙoda, ta fita a fitsari. Sinadarin nan dai shi ne farin takin da manoma ke zuba wa hatsi. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa amoniya ke hawa idan hanta ta gaza har mutum ya ruɗe, yuriya kuma ta hau idan ƙoda ce ta gaza.

Sauran gangar jikin amino asid ɗin, ko a ƙona ta, ko ta koma gulukos, ko sinadaran keton. Lusin da laisin ne kaɗai ba sa komawa gulukos.

Inna, ma'aikaciyar jinya: Ɗiyata, kada ki bari a hana ki maganar tamowa. Na yi aiki inda ake kwantar da yaran. Za ki danna babban yatsa a bayan ƙafar yaro, ki ƙirga uku, ki ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Uwar tana murna ɗanta ya yi ƙiba, alhali kumburi ne. Tun 1933 likita Cicely Williams ta bayyana kwashiyoko, wato wannan tamowa mai kumburi, a ƙasar da yau ake kira Gana, har yanzu muna fama. Ilimin da bai taɓo wannan ba, wa zai amfana?

Tsohon mai gyaran maƙaloli, Tibiri: Inna, Allah ya saka muku da alheri, maganarku gaskiya ce, amma akwai ƙa'idar wurin. Abin da mutum ya gani da idonsa ba ya shiga sai an wallafa shi a littafi ko mujallar kimiyya. Tamowa kuma batu ne mai zaman kansa; in aka cika wannan maƙala da ita, wanda ya zo neman zagayen yuriya daren jarabawa zai fita hannu wofi. Layi uku sun isa, da mahaɗa zuwa can. Ko a layukan ukun, ƙanwata, kada ki rubuta cewa rashin furotin shi kaɗai ke kawo kumburin, domin masana na ta muhawara a kai har yau.

Aikin hannu kuwa: ki fara a shafinki na gwaji. Ki rubuta a shafin tattaunawa cewa ke ɗaliba ce, ga sassan da za ki ƙara. Kowace magana ki sa littafin da shafin da kika samo ta, kuma kayenki ba madogara ba ne, ki je laburare ki nemo littafin biyokimi. Ki karanta, ki rufe, ki rubuta da bakinki. Kwafe kai tsaye gogewa ake yi. Ki riƙa ɗorawa sashe-sashe da ɗan bayani, malaminki zai ga komai a tarihin shafin.

Inna, ma'aikaciyar jinya: To, na ji, Malam. Amma hatsi da wake sai sun shiga. Amino asid 20 ne, 9 jiki ba ya iya haɗa su, sai an ci. Hatsi yana da ƙarancin laisin, wake na da shi; wake ya gaza a metiyonin, hatsi ya cike. Wannan a littafi yake, ba gani na ba ne. Ta sa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin babban mutum a rana.

Tsohon mai gyaran maƙaloli, Tibiri: Wannan kam ya shiga, Inna, ƙarƙashin amino asid na dole.

Ƴar Bagalam: Madalla, Allah ya bar zumunci. Zan jera haka: narkewa, amino asid na dole, rushewa da sake gini, cire naitirojin, yuriya, makomar sauran, sai layukan tamowa. Yaya mai labo, a sashen rushewa sai na ambaci ubikwitin, ko ya yi zurfi?

Mai aikin labo, Ali Ɗan Sofo: Ki ambata, sakin layi ɗaya. Ubikwitin na yi wa furotin ɗin da za a rushe alama, furotiyasom, wani injin yanka furotin a cikin ƙwayar halitta, ya daddatsa shi. Ɗaya hanyar kuma ta laisosom ce, ƴar jakar narkar da abubuwa a cikin ƙwayar halitta. Ciechanover da Hershko da Rose sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2004 kan hanyar ubikwitin ɗin. In kin gama sashen yuriya ki turo nan in duba miki jerin matakan kafin ki ɗora.