Neman shawara: gyaran da nake yi wa fulogin ɗina ba ya bayyana a PyMOL

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗalibar digiri na biyu ce, kuma bincikena a kan himogulobin ɗin masu ciwon sikila ne. Na rubuta ɗan ƙaramin fulogin (ƙarin shiri da ake liƙa wa manhaja) da harshen Python wanda yake buɗe tsarin himogulobin sikila mai lambar 2HBS a PyMOL, manhajar kallon siffar furotin, ya nemo amino asid ɗin Val (valine) da ya maye gurbin Glu (glutamate) a matsayi na 6 na sarƙar beta, sannan ya shafa launi a kan duk amino asid ɗin da ke kusa da shi. Jiya na sauya launin daga ja zuwa rawaya, na adana fayil ɗin, na rufe manhajar na sake buɗewa har sau uku, amma jan yana nan daram. Ban da wannan, duk sa'ad da na ba shi 4 a matsayin nisan da zai duba kewaye da Val ɗin a wajen rubuta umarni, sai ya tsaya da saƙon kuskure na TypeError. Lokacin gabatar da aikina ya ƙarato, don Allah a taimaka mini.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malama. Ina kyautata zaton ba fayil ɗin da PyMOL ke karantawa kike gyarawa ba, domin idan aka girka fulogin ta Plugin Manager, kwafinsa ake ɗauka a ajiye a jakar startup, asalin kuma ya zauna inda yake. Ki cire kwafin, ki shiga sashen Settings ki ƙara jakar da kike aiki a cikinta cikin wuraren da ake neman fulogin. Bayan haka akwai wani tarnaƙin: Python ba ya karanta fayil sau biyu, da zarar ya shigo da shi sai ya riƙe shi a `sys.modules`, duk wani `import` na gaba kuma tsohon zai miƙo miki. Maganinsa shi ne `importlib.reload`, wanda zai sa a sake karantawa ba tare da kin rufe manhajar ba.

Amsa ta biyu: Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, sai dai 'yar'uwa ki yi hattara da sake lodawar, don ni ma ta taɓa ɓata mini yini guda. Fayil ɗin da aka ambata kaɗai take sabuntawa, ba ta bin sauran da ya jingina da su, kuma duk abin da aka ɗauko da `from ... import` yana nan a tsohuwar sigarsa har sai an sake loda fayil ɗin da ya ɗauko shi. Haka kuma tagar fulogin da kika riga kika buɗe, maɓallanta suna ɗaure da tsofaffin ayyukan, dole ki rufe ta a gina sabuwa. Shawarata ita ce ki raba aikin gida biyu: lissafin a fayil guda, taga da `__init_plugin__` (aikin da PyMOL ke kira yayin loda fulogin) a wani daban. Muddin kina kan gwaji, ki riƙa kiran fayil ɗin lissafin da umarnin `run`, wanda yake karanta shi sabo fil kowane lokaci.

Amsa ta uku: Game da TypeError, duk aikin da aka yi wa rajista da `cmd.extend`, abin da aka rubuta masa a wajen umarni yana isa gare shi ne a matsayin rubutu, ba lamba ba. Ki juya nisan zuwa lamba da `float` tun a layin farko. Sannan ki saba karanta saƙon kuskure daga ƙasa, domin layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma ya nuna fayil da lambar layi. Don tabbatar da sakamakon, ki duba ko amino asid Phe85 da Leu88 na sarƙar beta ta himogulobin maƙwabci sun fito, tunda a aljihunsu Val6 ke shiga har zaruruwan da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su samu. Ba kowane Val6 ne ke wannan haɗuwar ba, kuma umarnin `symexp` zai nuna miki maƙwabtan da ba sa cikin fayil ɗin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na leƙa jakar startup na tarar da kwafin makon jiya, kalmar ja tana zaune a cikinsa. Na share shi, na sa `float`, yanzu rawayar ta fito. Gobe in sha Allah zan raba fayil ɗin biyu in duba Phe85 da Leu88.