Ciwon matsematsi bayan dashen gaɓar ƙugu

Hajiya daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ƙanina mai ciwon sikila ne, an yi masa dashen gaɓar ƙugu a 2012 saboda kan ƙashin cinyarsa ya mutu. Yanzu idan ya miƙe daga zaune matsematsinsa da cinyarsa suna ciwo, sai ya ɗan taka kafin ya lafa. Dangi suna cewa a kai shi wurin maɗori. Ina neman shawararku.

Likita daga Samaru: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a kai shi wurin maɗori, domin wannan ba karaya ba ce. Duk takun da mutum ya yi, kan ƙarfen da aka dasa a madadin kan ƙashin cinya yana gogar kofin robar da yake juyawa a cikinsa, sai ɓurɓushin da ido ba ya gani ya riƙa zuba a kewayen dashen. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj suna haɗiye ɓurɓushin amma ba sa iya narkar da shi, don haka sai su fitar da sinadaran kumburi irin su TNF-alfa, waɗanda suke zuga ƙwayoyin da aikinsu rushe ƙashi ne. Ƙashin da ke riƙe da dashen yana zaizayewa ta ciki kamar yadda gara take cin azara, har dashen ya fara girgiɗa. Sau da yawa zaizayar tana daɗewa kafin a ji ciwo. A kai shi sashen ƙashi na asibitin koyarwa da ke Shika, a ɗauki sabon hoton ƙashi, kuma ku tafi da tsofaffin hotunan domin a gwada.

Malam daga Sabon Gari: Ni ma ina ɗauke da irin wannan dashe. Hajiya, ku nemo takardar da aka rubuta sunan kamfani da nau'in dashen. Idan ƙarfe ne yake gogar ƙarfe, irin samfurin ASR na kamfanin DePuy da aka janye daga kasuwa a 2010, to sai an auna sinadaran ƙarfe na kobalt da kuromiyam a jininsa.

Likita daga Samaru: Gaskiyarka, Malam. Matsalar gogewar dashe tsohuwa ce, domin kofunan robar Teflon da likitan ƙashi John Charnley ya fara sanyawa a Ingila sun yi saurin cinyewa, shi ya sa ya koma ga robar foliyetilin a 1962. Ingantacciyar robar da aka fito da ita a ƙarshen shekarun 1990 ta rage gogewar ƙwarai, kuma ita ya kamata ku tambaya idan ta kama a sake aikin. Amma tun da mai sikila ne, dole a fara tabbatar da cewa ba ƙwayar cuta ce ta shiga ba, ta hanyar gwajin jini na ESR da CRP masu nuna kumburi, wani lokacin har da zuƙo ruwan gaɓar. Kada ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin gwajin, domin yana ɓoye sakamako.

Hajiya daga Tudun Wada: Na gode, Allah ya saka da alheri. Kafin ranar ganin likita fa?

Malam daga Sabon Gari: Ya riƙe sanda a hannun ɓangaren da ba a yi wa dashe ba, ya daina ɗaukar kaya masu nauyi da hawa acaɓa, kuma ya yi sallarsa a kan kujera.