Ina zan samu fim ɗin silaid na 120 da kuɗinsa bai fi ƙarfina ba?

Ɗan_Yashica:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kyamarar babanmu ce Allah ya jiƙansa ta dawo hannuna, Yashica Mat-124G, mai ido biyu ɗin nan da ake leƙawa ta sama, fim mai faɗi da ake kira 120 take ci. A cikin akwatinsa na tarar da wasu silaid 6x6 (fim ɗin da hoton ke fitowa a jikinsa da ainihin kalarsa) da ya ɗauka a hawan sallah, na ɗaga ɗaya a jikin taga sai ga jan alkyabba da adon doki kamar yau aka ɗauka, wallahi na daɗe a tsaye. Tun ranar nake son in ɗauki irinsa, to amma da na duba kuɗin fim ɗin silaid irin su Provia 100F da Velvia 50 a intanet na buga da canjin dala na sa kuɗin aikowa sai jikina ya yi sanyi, kuma fa hoto 12 ne kacal a naɗi ɗaya. Akwai wani mai sauƙi ne ko in sayi wanda ya yi esfaya? Ina Kano.

TsohonMaiHoto:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin ka sa kwabo a fim ka fara tambayar wa zai wanke maka. Silaid da ruwan maganin da ake kira E-6 ake wanke shi, nagatif kuma C-41, ba ruwa ɗaya ba ne. Ni na taɓa kai naɗi biyu wani shago, yaron ya ce min ba matsala Alhaji, ashe bai ma san bambancin ba ya zuba su a C-41, da na je karɓa sai ga nagatif, da aka buga fuskar amarya ta koma kore kamar ganyen zogale. Biki kuwa an riga an watse. Yanzu samari suna yin haka da gangan wai salo ne, ni dai a lokacin kwana biyu ban iya haɗa ido da uban amarya ba. Ka duba gefen na babanka, sunan fim ɗin yana rubuce a jiki. In ma ka ji ana yabon Kodachrome kar ka wahalar da kanka, an daina yinsa tun 2009, wankinsa ma ya ƙare.

Bilki_Jamus:
Gaskiyar Baba ce. Kuma ɗan uwa maganar silaid mai araha a 120 ka cire ta a ranka, kamfani biyu ne suka rage masu yin na kala, Fujifilm da Kodak. Fuji na da Provia 100F da Velvia, Kodak kuma sun dawo da Ektachrome E100 a 2018, na 120 ɗin ya biyo baya ƙarshen 2019. Provia 400X da nake so tuni aka daina shi, Velvia 100 ma an daina sayar da shi a Amurka tun 2021 saboda dokar wani sinadari. Mu nan Jamus ma na Fuji zuwa yake ya ɓace, ka ga shago ya sa yau gobe babu, Ektachrome ya fi samuwa. Abin da zai ɗan rage maka shi ne ka sayi kwali mai naɗi 5 ka ba wani mai tahowa ya riƙo maka, amma ka ja masa kunne ya sa a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu a filin jirgi, sabbin na'urorin duba kaya na CT ɗin nan suna lalata fim ko da sau ɗaya ya wuce.

Na esfaya kuwa caca ce. In a firiza aka ajiye shi yana iya fitowa lafiya, in a durowa ya kwana shekaru sai kalar ta karkata ta yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi, kuma silaid ba nagatif ba ne da za a gyara wajen bugawa, abin da ya fito shi ne hotonka. Kowane mai sayarwa kuma zai rantse maka a firiza yake 😅

Sani645:
Oga ni shawarata kar ka koyi kyamarar da silaid, ba ya yafiya ko kaɗan, haske ya ɗan yi yawa farar babbar riga ta wanke fes babu komai a ciki, ga ranar Kano, ga mitar auna hasken kyamarar da ta tsufa, kuma asalin batirinta na makyuri ne wanda aka daina, in ka sa na yanzu tana iya yi maka ƙarya. Fara da Kodak Gold 200, sun fito da na 120 a 2022, ya fi sauƙin kuɗi, in kuma kala mai ƙarfi kake so irin ta Velvia to Ektar 100, duk C-41 ne. Ka sa manhajar auna haske a waya ka gwada da mitar. In ka ga shota da mita lafiya sai ka taɓa silaid. Akwai kit na E-6 na wankewa a gida irin CineStill Cs6, ruwan a wajen digiri 38 zuwa 40 ake so, a watan Afrilu ma sai dai ka sanyaya shi lol, amma da zarar ka haɗa maganin ba ya daɗewa, sai ka tara naɗi da yawa ka wanke lokaci ɗaya in ba haka ba asara ce.

Ɗan_Yashica:
Na gode ƙwarai. Baba na duba gefen, Ektachrome ne. Zan fara da Gold naɗi biyu, E100 kuma in ajiye guda ɗaya saboda babbar sallah. To firijinmu fa, in an ɗauke wuta yini guda ba zai lalace ba?

TsohonMaiHoto:
Ba zai lalace a yini ɗaya ba. Ka sa shi a leda mai zif ko roba mai murfi, in ka fito da shi ka bar shi awa biyu ko uku ya huce kafin ka yage takardar, kar raɓa ta kama shi. Kuma ka gaya wa mutanen gida, ni nawa an taɓa ɗora masa ƙullin kifi.