Wai mace sai dai shugabar mata ko mataimakiya?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Salam jama'a. Abin nan na ci min tuwo a ƙwarya tun zaɓen 2023. Matar yayanmu ta nemi takarar majalisar jiha, shekara goma tana wa jam'iyya wahala, gidan biki gidan suna duk ita ce ke tara mata, ranar zaɓe tun asuba matanta ke layi da goyo a baya. Da aka zo fidda gwani sai aka sa mitin ƙarfe ɗaya na dare a wani otel a Kaduna, fisabilillahi matar aure ina za ta a wannan lokacin? Gari na wayewa aka ce an yi masalaha, ta janye, za a ba ta shugabar mata. Har da masu cewa ai ba 'yar nan ba ce aure ya kawo ta, bayan duk 'ya'yanta a Zariya ta haife su. Don Allah laifinta mace ce ko me?

Ɗan Samaru:
Hajiya kuɗi ne. Ana cewa an yafe wa mata kuɗin fom amma daliget fa, wa zai yafe miki su? In ba ki da ubangida ko jaka ko namiji ne ke haka za a yi miki.

Abban Sadiq:
Ni dai ina ganin Kaduna ta yi ƙoƙari, Dr. Hadiza Balarabe tun 2019 take mataimakiyar gwamna. A bi a hankali.

Malama Ƴar Kwarbai:
Abban Sadiq a hankali har yaushe? Sanata 109 amma mata huɗu kacal, ita ma ta huɗun Natasha sai da kotu ta karɓo mata. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba, Mama Taraba ta kusa a 2015, Binani ta kusa a Adamawa, shi kenan. A 2022 majalisar tarayya ta yi fatali da ƙudurin ware wa mata kujeru muna gani. Kuma mu a garin nan abin ya fi ciwo wallahi, Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a jam'iyyar NEPU don matan Arewa su samu ƙuri'a, mun sa wa asibiti sunanta a Ƙofar Gayan amma tikiti ya gagara.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Malama kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ɗan Samaru na yarda akwai kuɗi, amma namiji ba a ce masa aure ya kawo shi. Matar yayan namu dai ta ƙi karɓar shugabar matan, ta ce za ta sake fitowa, yanzu mata daliget take nema tun daga mazaɓa.