ast.walk ko NodeVisitor? Fayil kusan 300 ne a gabana

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gaji wani tsohon aikin Python, saba tana kan 3.8 kuma an hana ni ɗaga ta. Ana so duk inda aka kira aika_sako() in fitar da lambar layin da sunan fankshin ɗin da kiran yake ciki. Nema kawai, ba gyara ba. grep, mai neman kalma a cikin fayiloli, ya kwaso min har da sharhin da ke bayan #. Na gwada ast, mai mayar da kod bishiya mai rassa: ast.walk yana kawo kiran, amma ba ya nuna uwarsa, wato reshen da yake ƙarƙashinsa. In koma NodeVisitor ne, ɗaya hanyar zagaya bishiyar, ko in biya wani ya yi? Litinin ake jira.

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Sa Babel, path.findParent zai gama maka komai.

Ɗan Kurna: Malam, Python fa na ce, Babel na JavaScript ne.

Mai Shayi: Au. To Allah ya ba da sa'a.

Bazazzagiya: Rassan ast ba sa riƙe uwa, shi ya sa. Zagaya sau ɗaya da ast.walk, kowane reshe ka bi 'ya'yansa da ast.iter_child_nodes ka manna musu .uwa. Daga kiran sai ka yi ta hawa har ka iske FunctionDef, reshen fankshin ɗin. Kar ka manta AsyncFunctionDef daban yake. Kuma walk bai yi alkawarin jeri ba, ka jera da lineno da kanka.

Tsohon Hannu: Ni dai in na ji ast gabana faɗuwa yake. Bara wani mai makaranta ya ba ni aikin sauya sunan fankshin a manhajar karɓar kuɗin ɗalibai. Na rubuta NodeTransformer ya sauya bishiyar, na sa ast.unparse ya mayar da ita rubutun kod, na zuba a kan fayilolin asali, ƙarfe biyun dare, ban yi commit na ajiye tsohon kod ɗin ba. Gwaji duk ya wuce lafiya, na kwanta ina jin kaina gwani. Da safe na buɗe: ko sharhi ɗaya babu. Tun a ast.parse ake zubar da su, ba sa shiga bishiyar sam. A cikinsu ne wanda ya gina abin ya rubuta dalilin rangwamen 'yan gida ɗaya, shi kuma lambar wayarsa ba ta shiga. Kwana tara ina tono a tsohon filashi.

Ɗan Kurna: Allah ya kiyaye gaba yaya. Amma ni ba gyara zan yi ba, unparse ma sai 3.9.

Tsohon Hannu: Haka kowa ke cewa. Ranar Talata za su ce tunda ka gano su, gyara mana. Ɗauki LibCST na Instagram tun yanzu, yana ajiye sharhi da kowane fili. Ni rabin kuɗina ne ya tafi.

Baƙin Allo: Ba da aikin kawai. An yi min irinsa a dubu 20.

Gwaggon Kod: Dubu 20? Ni dubu 150 aka ce min, aka tsaya a dubu 120.

Baƙin Allo: Hajiya an yanke ki.

Gwaggon Kod: Naka ya zo da gwaji? Araha ba ta ado.

Baƙin Allo: Gaskiya kira 3 kacal ya fara kawowa, ashe yaron da ya yi min ya manta generic_visit, mai sauka cikin 'ya'yan reshe, a cikin visit_ClassDef, bai taɓa leƙa cikin ko aji ɗaya ba.

Mai Shayi: Wai wace irin bishiya ce saiwa a sama, ganye a ƙasa? Ko kuka ba ta kai haka ba.

Bazazzagiya: Yaya Tsohon Hannu, laifin rashin commit ne, ba na ast ba. Don nema kaɗai ba sai ya shigo da LibCST ba.

Tsohon Hannu: Ƙanwata, tun Python 2.6 nake wannan sana'a.

Bazazzagiya: Kuma har yau ba commit?

Gwaggon Kod: Ku bar wannan. Ya ba ka sauran kuɗin daga baya?

Tsohon Hannu: Ina! "Bayan an biya kuɗin zango" yake ce min, zango uku ke nan.

Baƙin Allo: Ni yanzu kashi 70 kafin in buɗe kwamfuta. Wani ya taɓa biyana da addu'a da buhun masara.

Gwaggon Kod: Kai ka ma samu masara.

Ɗan Kurna: Na manna .uwa, ya yi aiki, na gode Malama. Amma inda aka rubuta sms.aika_sako() ba ya kamawa, Attribute yake nuna min maimakon Name. Yaya zan haɗa biyun?

Mai Shayi: Masarar fara ce ko ja?