Nawa zan sa wa kwanson .505 Gibbs da na .425 Westley Richards?

Tsohon Maharbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗurin harsashi da hannu. Shawararku nake nema.

Bara likita ya hana ni harba babbar bindiga saboda kafaɗata ta dama, dole na rabu da .505 Gibbs ɗina bayan ta shekara 19 a hannuna. Wanda ya saya ba ya ɗuri da kansa, harsashin kamfani yake saye, sai kwanson harsashin (ɓawon tagullar da ake ɗura wa albarushi) duka ya rage a wurina. Kullum na buɗe akwatin sai raina ya sosu, gara ya tafi hannun wanda zai amfana da shi.

Akwai kwanson Gibbs na kamfanin Norma guda 60, sabo fil, ko firaima ('yar hular gindi mai kunna albarushi) ba a taɓa sa masa ba. Akwai wasu 38 da na harba, 20 sau ɗaya, sauran sau biyu zuwa uku, kuma duk a rubuce suke a littafina. Sai kuma abin da wani aminina marigayi, Allah ya jiƙansa, ya bar mini: kwanson .425 Westley Richards na kamfanin Bertram guda 23, waɗanda ban san sau nawa ya harba su ba, da tsofaffin kwanson kamfanin Kynoch na .577 Nitro Express mai inci 3 guda 14, duk fanko, goma daga ciki a 'yan kwalayensu na asali masu cin biyar-biyar.

Wani ya taya duka a dunƙule, amma kuɗin da ya faɗa ko na sababbin 60 ɗin bai kai ba. Ba na son in cuci kowa, ba na kuma son in yi asarar abin da na san darajarsa. Yaya kuke yanke wa irin wannan kaya farashi?

Mai Baki Biyu

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka sayar a dunƙule. Kaya huɗu ne a hannunka, kowanne da mai sayensa daban, kuma wanda ya taya duka ya san haka.

Tambayar farko da nake yi wa kowane kwanso ita ce: yau ɗin nan, mutum zai iya samun sabonsa a wurin dillali? Ba abin da aka rubuta a jerin farashi ba, a'a, akwai shi a ƙasa? Kamfanoni ba sa buga irin waɗannan kullum. Sukan buga zubi ɗaya, ya ƙare, a daɗe ana jiran na gaba. In ana samu, sabon naka sai ka sauko kaɗan daga farashin dillali, don ba wanda zai biya mutum ɗaya daidai da abin da zai biya shago. In kuwa ya yanke a kasuwa, ka sa cikakken farashi ko ka ɗara kaɗan, za a saya.

Gibbs ba ta kai ƙarancin da mutane ke zato ba. George Gibbs na Bristol ya fito da ita a 1911, ta yi dogon suma bayan Kynoch ya daina buga harsasan farauta wajen 1970, amma tun da kamfanin CZ suka yi bindigogi a kanta, Norma kuma ya riƙa buga harsashinta, ta farfaɗo. Har harsashin .408 CheyTac ma daga kwansonta aka samo shi.

Abin da masu sayarwa ke mantawa shi ne masu sayen 'yan kaɗan ne, kuma ba sa buƙatar da yawa. Bindigar da ke tura harsashi mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 525 da gudun ƙafa 2,300 a daƙiƙa, wa zai zauna ya harba ta sau hamsin a yini? Ga shi matsin da harbinta ke yi wa kwanso ba shi da yawa, kwanso yana jure ɗuri da dama. Mutum ya samu 40, ya gama sayen kwanso na shekaru. Saboda haka ka kasa sababbin kashi uku, ashirin-ashirin. Zai fi saurin tafiya, kuma kuɗin kowane ɗaya zai fi tsoka.

Waɗanda aka harba sau ɗaya, ni ina biyan rabi zuwa kashi biyu bisa uku na kuɗin sabo, in na yarda da mai shi. Littafin nan naka kuɗi ne, Baba. Ka ɗauki hoton shafin ka haɗa da tallan. Na sau biyu da uku ka sa su gefe, kada ka gauraya, ka sauko ƙasa da rabi.

Maƙerin Tagulla

Na yarda da Mai Baki Biyu a kan Gibbs. Ni a kan Kynoch ɗin zan yi magana, don nan ne nake jin tsoro.

Don Allah Baba kada ka tallata su a matsayin kwanson ɗuri. Ka haska tocila cikin ɗaya. Kusan tabbas za ka ga 'yan ƙananan huda biyu a gindi maimakon guda ɗaya a tsakiya. Wannan shi ne tsarin Berdan, wanda tsohon Kynoch ya yi aiki da shi. Allurar cire firaima ta dayis ɗinmu (ƙarfen da muke gyara kwanso da shi kafin ɗuri) ta tsarin Boxer ce, mai huda ɗaya, in ka danna ta a kan Berdan karyewa za ta yi. Sannan samun firaimar Berdan mai faɗin da ya dace da waɗannan manyan aiki ne ja. (Hiram Berdan Ba'amurke ne, Edward Boxer kuma Baturen Ingila, amma tsarin kowannensu a ƙasar ɗan'uwansa ya fi karɓuwa.)

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce ƙarfen kansa. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, kuma tana da abokan gaba biyu. Na farko zaiba: tsofaffin firaima da yawa suna ɗauke da ita, da an harba sai ta shiga jikin tagullar ta sa ta gautsi, kuma ba wankin da ke fitar da ita. Na biyu amoniya. Sojojin Ingila a Indiya ne suka fara gamuwa da wannan. Da damina sukan ajiye harsasai a bargar dawaki, in rani ya yi sai a tarar wuyan kwanso ya tsattsage shi kaɗai ba tare da an harba ba. Sai a 1921 aka bayyana dalili: amoniyar fitsarin dawaki ce ke haɗuwa da taurin da matsi ya bari a wuyan. Shi ya sa har yau ba ma goge kwanso da man goge ƙarfe mai amoniya. Kwanson da ya haura shekara hamsin, ba ka san inda ya kwana ba, ba ka san da me aka goge shi ba. Gasa wuyan kwanso da wuta yana gyara taurinsa, amma ba ya warkar da gindin da ya lalace, kuma gindin nan yana dab da fuskar mai harbi.

Masu tara kayan tarihi su ne mutanenka. A wurinsu kwalin ya fi kwanson fanko daraja, musamman in rubutunsa bai goge ba, bakinsa bai yage ba. Kada ka goge kwanson ya yi ƙyalli, kada ka manna wa kwalin salatif. Ka ɗauki hoton kowane gefe da na tambarin gindi, ka sa a gwanjo, su da kansu za su yanka masa farashi. Guda huɗun da ba su da kwali, ɗai-ɗai za su tafi, wurin masu son ajiye .577 a kan tebur.

Ɗan Autan Westley

Baba ina gaisuwa. Ni .425 ɗin ne ya tsayar da ni, kuma gaskiya ina so, shi ya sa zan faɗi abin da na sani a fili kowa ya gani.

A cikin kayanka duka shi ne mai wuyar samu na haƙiƙa. Westley Richards sun fito da shi a 1909, da gindi wanda bai kai jikin kwanson faɗi ba, don ya zauna a fuskar sakatar bindigar Mauser ta yau da kullum. Ana iya yin sa daga kwanson .404 Jeffery, a rage tsawo a fiƙe gindi, kuma haka nake yi shekara uku ke nan. Amma tambarin gindi zai ci gaba da cewa .404, kuma in za ka tsallaka iyaka da bindiga don farauta, jami'i na iya duba ko abin da ke jikin harsashi ya yi daidai da abin da ke takardar bindiga. Don wannan kaɗai, mai tambarin gaskiya ya cancanci ƙari.

Sai dai rashin sanin sau nawa aka harba su yana rage musu. An taɓa sayar mini da wasu a kan "sau ɗaya", da suka iso bakwai daga ciki firaima na faɗawa ramin da ɗan yatsa kawai. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikin kowanne kusa da gindi. In ka ji ta sarƙe a wani kwari, wannan ya kusa rabewa, ka murƙushe shi da filaya. Ka auna tsawonsu, ka gwada ramin firaima. Waɗanda suka tsira zan biya kuɗin sabo a kansu.

Tsohon Maharbi

Allah ya saka muku da alheri. Na haska tocilar, huda biyu ne kamar yadda Maƙeri ya faɗa, kuma uku daga cikin Kynoch ɗin wuyansu da tsaga siririya kamar gashi, wadda ban taɓa lura da ita ba. Hankalina ya tashi da na tuna saura kaɗan in rubuta "a shirye don ɗuri" a tallan.

Na bi .425 ɗin da waya daren jiya. Biyu sun sarƙe, na murƙushe su. Ɗaya ramin firaimarsa ya saki. Saura 20 cif. Ɗan Auta, kuɗin sabo ya yi yawa a kan kayan da ni kaina ban san tarihinsu ba, kuma aminina da yana raye ba zai karɓa ba. Kashi uku bisa huɗu ya ishe ni, kuɗin aike a kanka.

Tambaya ɗaya ta rage. Dayis ɗin Gibbs da mariƙin gindin kwanso, in haɗa su da kwanson ko in sayar daban?

Mai Baki Biyu

Daban, Baba. Mai neman ƙarin kwanso yana da dayis tuni, ba zai biya kuɗinsa ba. Amma ka ambata a tallan cewa akwai, don wanda ya sayi Gibbs sabuwa zai so ya kwashe dayis, mariƙi da kashi ɗaya na kwanso a lokaci guda, kuma shi ne ba ya ja-in-ja a farashi. In kana da ragowar kan harsashi, ka rubuta faɗinsa ƙarara, .505 ne ba .510 ba, don masu .500 Jeffery sukan ruɗe su saya.

Kafin ka aika wa Ɗan Auta, ku biyun ku duba dokar inda kuke. A wasu ƙasashe kwanso fanko ma sai da lasisi, fitar da shi waje kuma sai da izini, ko da guda ashirin ne. Ka nannaɗe kowanne daban a takarda, don wuyan .425 dogo ne, yana saurin lotsewa a hanya.