Shaiɗanin Tasmaniya: wai ƙarya na yi?

Mai shago: Jama'a ku raba ni da ƙanen matata. Jiya a majalisa ya ƙaryata ni gaban yara. Cewa na yi akwai wata dabba a tsibirin Tasmaniya, kudu da Ostiraliya, ana ce mata shaiɗanin Tasmaniya. Ba ta wuce ƙaramin kare ba, sai dare take fita, ta cinye mushe har ƙashi da gashi. Macen kan haifi 'ya'ya sama da 20, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, su rarrafa su shige jakar cikinta, amma nonuwa 4 ne kacal, sauran sai mutuwa. Wai shi gizo da ƙoƙi nake ba su.

Alaramma: A'uzubillahi. Halittar Allah kake kira shaiɗan?

Malamin kimiyya: Allah gafarta Malam, ba shi ya raɗa ba. Turawan da suka fara zama tsibirin ne suka ji kururuwarta cikin dare suka firgita. Masana kuwa Sarcophilus suke ce mata, wato mai son nama.

Alaramma: To don Bature ya tsorata sai mu ari bakinsa mu ci masa albasa?

Maman biyu: Haba Malam, yaro ma in ya cika ƙiriniya ai shaiɗani muke ce masa.

Direba: A ce kurar Tasmaniya mana a huta.

Malamin kimiyya: Kura tana da jaka a ciki? Wannan da kangaru suke dangi. Ga shi ma tana neman ƙarewa: tun 1996 aka gano wata cutar daji da ke cin fuskarsu, suna shafa wa juna ta cizo wajen rigimar nama da barbara.

Direba: Ka ji malam! Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba kake ba mu labarin kangaru.

Malamin kimiyya: Kai da kake zuwa kullum, me ka sani banda kuɗin hanya?

Mai shago: Don Allah maganar nonuwan fa?

Maman biyu: Hajiya ta san kana tona wa ƙanenta asiri a nan?

Shugaban zaure: An rufe. Kowa ya gamsu Alaramma ne da gaskiya, sunan bai dace ba, daga yau kurar Tasmaniya za a ce. Malamin kimiyya a rage girman kai. Mai shago kuma je ka ba wa ƙanen matarka haƙuri.